Sunan Yaya a Bayan Nata

Yaya ya rasu a shagonsa na ɗinki da ke bayan Bab Makka a Jidda, ƙafarsa a kan keken ɗinki. Maƙwabcinsa mai sayar da yadi, wani ɗan Yaman, shi ya kira ni. A lokacin ina masana'antarmu, can kudancin gari, ina fama da wani injin tace ruwan teku da ya ƙi tashi. Kafin in ratsa cunkoson motoci in iso, an riga an lulluɓe shi da farin yadin da ya yanka da safe zai ɗinka wa wani riga.

Na zauna a ƙasashe da dama kafin in zo Jidda, kuma kowace ƙasa da yadda take auna baƙo. A Jamus, inda na yi karatu na kuma fara aiki, shekaru suke dubawa: in ka daɗe, ka iya harshensu, ba ka yi laifi ba, wata rana sai su buga maka hatimi su ce zauna. A Aljeriya ba wanda ya kula da ni sai ranar da kwangila ta ƙare. A Sudan na tarar da Hausawan da kakanninsu suka yada zango a hanyar hajji, suka yi gona, ƙasar ta haɗiye su tun kafin a san takarda. Jidda dabam take. Nan shekaru ba sa taruwa. Iƙama, katin izinin zama, tana rataye ne a wuyan kafili, mutumin da ya tsaya maka, kuma duk lokacin sabuntawa kamar jiya ka sauka daga jirgi. Yaya ya fi shekara arba'in yana sabunta tasa. Ranar da ya rasu shekarun nan duka suka bi shi kabari. Matarsa Hajiya da 'yarsa, waɗanda suke zaune a ƙarƙashin iƙamarsa, suka zama mutanen da za a miƙa wa takardar fita ta ƙarshe.

Na ce 'yarsa. Haka kowa yake faɗa, haka ni ma nake faɗa. Amma ni na haife ta.

Na yi aure a makare saboda yawon karatu, ita ce 'yarmu ta fari. An haife ta a garinmu, yamma da Kano. Da aka yaye ta, Yaya ya zo ganin gida, sai mahaifiyarmu Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta tsaya wani zagaye-zagaye ba.

"Ɗan'uwanka shekara da shekaru yana ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan sallah, shi ɗakinsa shiru," in ji ta. "Wannan yarinyar tasa ce."

Na ce to. Maiɗakina ma da aka gaya mata ta sunkuyar da kai. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Ɗan fari dama ba naka ba ne a idon jama'a: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Don ta hau jirgi sai da aka sa ta a fasfon Yaya, saboda haka aka rubuta mata takardar haihuwa da sunansa a gurbin uba. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙarya. Wanda ya rubuta takardar ma ya san gidanmu, har albarka ya sa. Daga baya na taɓa ba wani abokin aikina Bajamushe labarin. Ya ajiye cokalinsa ya zuba mini ido kamar na ce na sayar da ita. Na yi masa dariya, na ce a garinku yaro uba ɗaya gare shi, abin tausayi.

Bayan shekaru aiki ya kawo ni Jidda, muka kama gida a unguwar Safa. 'Ya'yanmu maza biyu da suka biyo bayanta sun girma a nan, yanzu kowa ya kama gabansa a wata ƙasa. Kowace Juma'a bayan masallaci mukan gangara gidan Yaya, hawa na uku a wani tsohon gini mai matsattsen bene. Hajiya abokiyar wasana ce, kamar yadda matar wa take ga ƙanin miji. Tun ina kan bene take fara tsiya.

"Ga mijina na ajiya nan! Injiniyan da ya shayar da Jidda ruwan teku, famfon gidana ya gagare shi."

"Famfon ne ya ga mai gidan ya yi zuciya," nakan ce.

Yarinyar takan kawo mana shayi. Ni Baffa take ce mini, maiɗakina kuwa Khala, irin ta Larabawa. Hausa tana ji sarai, amma in za ta amsa sai Larabcin Hijaz ya riga Hausar fita. Maiɗakina ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke 'yar gidan nan," haka take cewa. Sai dai na sha ganin ta tura tsokar da ta fi kyau gefen yarinyar a cikin faranti, idonta na kallon wani wuri. Mun san wasu mata sun gaya wa yarinyar gaskiya a wani gidan suna tun tana ƙarama. Ta sani, mun san ta sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Bayan rasuwar, Hajiya ta shiga takaba. 'Ya'yan kafilin Yaya suka zo ta'aziyya, mutanen kirki, suka ce ba za su taɓa takardun ba sai iƙamar ta ƙare da kanta, amma shagon za su ba wani haya. Lokacin da ya rage mana ke nan. Yarinyar ta koyi ɗinki a hannun Yaya, ta ma fi shi iya yankan abaya, don haka muka shiga nema mata kafili a gidajen ɗinkin mata. Wata ta ce gurbin baƙi ya cika. Wata ta yi alkawari, daga baya ta daina ɗaukar waya.

Wata safiya ina shirin fita, maiɗakina tana soya ƙwai ta ba ni baya, sai ta ce, "Iƙamar nan da kamfaninku suka ce ka nema ka ƙi."

"Ina ji."

"An ce tana rufe iyalin mutum."

"Haka aka ce."

Ta juya ƙwan. "Ba ta san kowa a can garinmu ba. Ko ruwan damina ba ta taɓa gani da wayonta ba."

Ba ta faɗi wa take nufi ba. A tsawon aurenmu wannan ne karo na farko da ta roƙe ni wani abu a kan yarinyar.

Iƙamar da take nufi sabuwa ce, an fito da ita don ƙwararru irin likitoci da masu bincike da manyan injiniyoyi. Ba ta da kafili. Ana fara ba ka ta wasu shekaru, in ka cika sharuɗɗa ta zama ta dindindin, kuma matarka da 'ya'yanka suna shiga inuwarta. Tun da aka fito da ita shugaban sashenmu yake ce mini in nema, ina ƙi. Na riga na gina gida a garinmu, na sa an dasa mini mangwaro da lemo, niyyata in ajiye aiki in koma in mutu inda aka binne Inna. Me zan yi da zaman dindindin a ƙasar wani? Ranar nan na je ofis na ce na canza shawara.

Neman ya ci ni. Shaidar karatuna ta Jamus sai da aka mai da ita can aka tabbatar, aka fassara, aka sake tabbatarwa. Aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirjina. Kamfani ya rubuta cewa ni ƙwararre ne, na karanta abin da suka rubuta na ji kunya kamar ana yi mini kirari a gaban surukai. Duk wannan na yi shi da sauri, ina duban ranar da iƙamar Yaya za ta ƙare.

Akwai wani abokina tun zaman Bur Sudan, Bahaushen can, wanda sana'arsa bin takardun mutane a ma'aikatu. Shi na kai wa komai ya duba kafin a tura. Ya sa tabarau yana juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Ya ustaz, naka ba matsala. Na uwargida ma halas. Wannan fasfon na uku fa?"

"Na yarinyar ne."

Ya buɗe, ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan ai 'yar ɗan'uwanka ce. 'Yar ɗan'uwa ba ta shiga."

"Tawa ce," na ce. Ban taɓa faɗa wa kowa haka a garin nan ba. Na ji maganar ta fito mini kamar tari.

Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. "Riƙo?"

Na gyaɗa kai.

"Ni ma goggota ce ta riƙe ni, sai da na yi gemu na san ba ita ta haife ni ba. Amma ya ustaz, kwamfutar mutanen nan ba ta san riƙo ba. Uba ɗaya ta sani, kamar Turawanka."

Ya ce akwai hanya, sai dai mai tsawo ce, kuma ba ya ba ni tabbaci. Sai an fara daga gida a gyara takardar haihuwa, a canza fasfo, sannan a zo nan gaban alƙali a tabbatar da nasaba, har da gwajin jini. Kuma dole ita yarinyar ta tsaya da bakinta ta ce wanda aka rubuta a matsayin ubanta ba ubanta ba ne. Za a rubuta cewa marigayi ya shigo da 'yar da ba tasa ba.

"Shi ya riga ya tafi inda ba a tambayar iƙama," in ji shi. "Ba abin da za a yi masa. Ka je ka yi mata magana. Yalla, lokaci ba ya jiranku."

Na tafi gidan bayan la'asar. Ba wanda ya yi mini tsiya a bene. Hajiya tana zaune a kan darduma da carbi, ta rame. An kawo keken Yaya daga shago an ajiye a falo, yarinyar tana kai tana ƙarasa ɗinkunan da ya bari, don kada masu kaya su ce ya tafi da alkawarinsu. Ta tashi za ta kawo shayi, na ce ta zauna.

Na yi bayanin iƙamar tiryan-tiryan, kamar ina gaban injiniyoyi. Na faɗi abin da abokina ya ce. Sai na iso inda dole in faɗi dalilin da ya sa hanyar za ta yiwu, a nan bakina ya tsaya. Harsuna biyar nake ji. Da Jamusanci ne da na faɗe ta ba tare da na ji komai ba, da Turanci ma haka. Da Hausa ta ƙi fita. Na dubi tabarmar ƙasa na ce mata da Larabci, "Inti binti." Ke 'yata ce.

Ita kuwa, wadda kullum Larabci ke riga ta, sai ta amsa mini da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Na sani, Baffa. Na daɗe da sani."

"To, sai ki yarda a gyara."

"A gyara me?"

"Sunan kawai. Takarda ce. Ba abin da zai canza tsakaninki da shi."

"A wurinku takarda ce," in ji ta. "Ni da sunan nan aka kira ni kowace safiya a makaranta."

Hajiya ta ajiye carbi. "Ki yarda, 'yar nan. Amana aka ba mu, mun riƙe, lokacin mayarwa ya yi. Malamai ma cewa suke a kira ɗa da sunan wanda ya haife shi. Ni in na koma ina da 'yan'uwa."

"Ummi, don Allah ki yi shiru. Waɗanne 'yan'uwa? Wa ya san maganin sukarinki a cikinsu? Wa zai yi miki allura?" Ta juyo gare ni. Idonta ya cika amma muryarta ba ta rawa. "Baffa, kai ka je maƙabarta, mu mata ba mu je ba. An rubuta sunansa a kan kabarin?"

"Kin san ba a rubutawa a nan."

"In ka koma yau za ka gane shi?"

Na koma sau biyu, kuma na biyun ban tabbata a kan wanda na tsaya ba. Duwatsu ne a jere, duk iri ɗaya.

"Allon shagon ma sunan kafili ne a kai tun farko," ta ce. "Shekara arba'in a garin nan, sunansa bai zauna a ko'ina ba sai a bayan nawa. Shi ne zan je gaban alƙali in ce a goge, in ce da ƙarya ya shigo da ni? Allah Ya san wanda ya haife ni, ni ma na sani, kuma ban raina ba. Amma wallahi ba zan iya ba."

Na yi ta kawo hujja. Na ce Yaya da kansa da yana raye cewa zai yi ta yarda. Ta ce ta sani, shi ya sa ba za ta yarda ba. Na ce garinmu ba kamar Jidda ba ne, wuta tana ɗaukewa, ba teku, ba ƙawayenta. Ta ce mutane suna rayuwa a can ai. Aka kira magariba ban motsa ta ko kaɗan ba. Da na sauko bene sai na tuna Inna. Haka take in ta yanke magana.

Da na gaya wa maiɗakina, ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito na ce zan janye neman, mu tattara mu bi su gaba ɗaya. Ta ce a'a. Ta ce mai irin wannan iƙama yana iya gayyato dangi ziyara, in muka tafi duka ƙofar garin ta rufe wa yarinyar har abada. "Ka bari ta sami inda za ta sauka," in ji ta.

Amsar ta zo mini a waya ina tsakiyar aiki: an amince. Abokan aiki suka taru, wani Bamisire ya rungume ni yana mabruk, mabruk, wato barka, aka aika aka sayo kunafa, wani kayan zaƙi na Larabawa. Wani ɗan Indiya da ya fi ni daɗewa a kamfanin, wanda bai cika sharuɗɗan ba, ya riƙe hannuna ya ce yanzu na zama ɗan gari, ba mai kora ta. Na ci kunafar don kada su ga kamar na raina murnarsu.

Ana gobe Hajiya da yarinyar za su tashi muka je taya su ɗaure kaya. Falon ya zama fili, an naɗe keken cikin bargo. Yarinyar ta ɗauko tef ɗin awon Yaya, wanda lambobinsa suka koɗe saboda hannu, ta ce in miƙe.

"Me za a yi?"

"Jallabiyarka ta yi maka yawa, Baffa, kamar ta aro. Tsaya daidai mana. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta ɗora awon a kafaɗata. Tun ranar da aka yaye ta hannunta bai taɓa jikina ba sai a gaisuwa.

"Kafaɗarku ɗaya da Baba," ta ce. "Ba sai na rubuta ba."

Hajiya ta ce daga inda take zaune, "Ki bar masa wajen ciki, mijin nawa ya fara tumbi." Wannan ce tsiyar farko da ta yi mini tun rasuwar. Muka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

A filin jirgi na tura musu kaya har inda ake tsai da masu rakiya. Jami'in ya karɓi takardun fitar, ya buga, ya miƙo musu ba tare da ya ɗaga kai ba. Suka juya za su shiga, yarinyar tana riƙe da hannun Hajiya. Sai na ji maiɗakina ta kira sunanta. Da ƙarfi, a gaban mutane. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na waiwaya ina neman wanda ya yi kiran. Yarinyar ta tsaya ta juyo.

"Na'am," ta ce. Ba ta ƙara Khala ba.

Maiɗakina ba ta da abin da ta shirya faɗa. Ta ce, "Ki riƙa rufe taga da yamma, akwai sauro." Yarinyar ta ce to. Suka shige.

Yanzu suna zaune a gidan da na gina don tsufana. An ce mangwaron ya fara 'ya'ya. Ta buɗe ɗinki a zauren, matan gari suna kawo mata yankan abaya, suna kiranta Balarabiya suna dariyar Hausarta. A nan kuwa duk tsawon rayuwarta baƙuwa 'yar Afirka ake ce mata. Ranar da aka yi ruwan farko ta kira maiɗakina ta waya, ta ɗaga wayar sama don ta ji ƙarar kwano. Jallabiyar da ta ɗinka mini ta iso ta hannun wani mai zuwa umara, ta zauna mini daidai.

Na cika mata takardar gayyatar ziyara. A gurbin dangantaka na rubuta 'yar ɗan'uwa. Ta ce sai jikin Hajiya ya yi ƙwari, ba za ta bar ta ba.

A makon jiya ta aiko in sayo mata wani baƙin zare da ba ta samu a Kano ba, ta ce sai wajen ɗan Yaman ɗin nan. Na gangara Bab Makka bayan la'asar. Shagon Yaya ya koma na sayar da kayan waya. Ɗan Yaman ya gane ni, ya jawo mini kujera, ya naɗe zaren a takarda.

"Ina bintu khayyat?" ya ce, wato 'yar tela. "Ta saba da can?"

Na ce tana sabawa.

"Kai fa? Na ji an ce ka sami ta dindindin. Mabruk. Kana nan tare da mu ke nan."

Na ce ina nan.